Yadda Babba Zai Kalli Fim ɗin Katun Ya Ga Rabonsa a Ciki

A yawancin gidajenmu aikin katun bai wuce na rarrashi ba. Ana kunna wa yara shi a talabijin ko a waya domin su zauna wuri guda, uwa ta samu ta sauke tukunya, uba kuma ya huta da hayaniya, kuma idan aka ga magidanci ya tsaya kallo har ya manta da abin da ya kawo shi falo, sai a fara yi masa tsiya cewa ƙuruciya ta dawo masa. Wannan ɗauka ta dace da gajerun shirye-shiryen guje-guje da faɗuwa, waɗanda dama don dariya aka yi su, amma ba ta yi wa dogayen finafinan iyali adalci ba. Manyan mutane ne suke rubuta su, mutanen da suka yi aure, suka haifi 'ya'ya, suka binne iyaye, kuma sukan shafe shekara huɗu ko biyar a kan fim guda. Sun san yaro ba ya zuwa gidan sinima shi kaɗai, don haka sukan saƙa labari biyu a cikin fim ɗaya, na sama mai launi da barkwanci domin yaron, na ƙasa kuma domin wanda ya riƙo hannunsa. Ko a nan kusa da mu ma ba a taɓa keɓe zane mai motsi ga yara kaɗai ba, domin a 1966 Moustapha Alassane na Nijar ya yi Bon Voyage Sim, inda ya zana kwaɗi yana yi wa shugabanni da tafiye-tafiyensu na alfarma shaguɓe.

Akwai hujja guda da duk matakan da ke tafe suka jingina a kanta. A fim ɗin da aka ɗauka da kyamara, iska tana iya kaɗa labule ba da izinin kowa ba, tsuntsu yana iya gilmawa ba a gayyace shi ba. A katun kuwa babu abin da yake shiga allo bisa kuskure. Fim yana tafiya ne da hoto 24 a kowace daƙiƙa, wato hoto 129,600 a fim mai tsawon minti 90, kuma duk ƙiftawar ido da duk inuwa da duk kofin da aka bari a kan tebur, wani ne ya yanke shawarar a sa shi, aka kuma kashe kuɗi da lokaci a kansa. Saboda haka tambayar da za ka riƙe daga farkon fim har ƙarshensa ita ce: me ya sa suka wahalar da kansu suka zana wannan? A sani cewa misalan da ke gaba za su tona ƙarshen wasu finafinan.

Mataki na farko: zaɓen fim

Ba kowane katun ne yake da wannan zurfi ba, kuma wanda ya fara da fim ɗin da aka yi domin a sayar da kayan wasa zai tashi da tabbacin cewa dama ya faɗa. A ganina mafi sauƙin mashiga su ne Finding Nemo na 2003, da Up na 2009, da Inside Out na 2015, dukkansu daga kamfanin Pixar na Amurka, domin suna magana a kan tsoron uba, da rashin abokin zama, da baƙin cikin yaro, abubuwan da babu balagaggen da zai ce bai san su ba. Bayan su sai a tsallaka Japan, wurin kamfanin Ghibli wanda aka kafa a 1985, a fara da My Neighbor Totoro na 1988, wanda tafiyarsa ta fi ta na Amurka sanyi, kuma yana buƙatar haƙuri.

A lura da abu biyu. Kasancewar fim katun ba ya nufin na yara ne. Grave of the Fireflies, wanda Isao Takahata ya yi a 1988, labarin wani yaro ne da ƙanwarsa da suka rasa mahaifiyarsu a ruwan bama-baman da aka yi wa birnin Kobe a 1945, yunwa kuma ta cinye su a hankali. Fim ne mai girma, amma ba a kunna wa ɗan shekara shida shi. Na biyu kuma, kowane fim yana ɗauke da al'ada da aƙidar ƙasar da aka gina labarinsa a kai. Coco na 2017 an kafa shi a kan bikin tunawa da matattu na mutanen Meziko, kuma yadda ya nuna makomar mamaci ya saɓa da abin da Musulmi ya yi imani da shi. Babba yana iya ware wancan gefe, ya amfana da labarin tsohuwar da mantuwa ta fara raba ta da iyalinta, amma ya kamata ya san da haka kafin ya zaunar da yara.

Mataki na biyu: shirya zaman kallo

Kallon farko ka yi shi kai kaɗai ko da wani babba, da dare bayan gida ya yi shiru, waya a nesa, fim ɗin kuma cikakke daga farko zuwa ƙarshe. Guntayen da ake yankowa ana yaɗawa a TikTok da Facebook suna nuna maka wurin kukan ba tare da tafiyar da ta kai can ba, don haka ba sa yin tasiri. Ka nemi asalin muryoyin tare da rubutun fassara a ƙasan allo. Fassarar baki irin wadda aka saba da ita a finafinan Indiya tana da daɗinta, sai dai mai fassara ba ya son barin shiru, yakan cike shi da barkwanci ko bayani, alhali a waɗannan finafinai sau da yawa shirun ne yake ɗauke da saƙon. Idan sautin talabijin ɗinka ba shi da kyau, na'urar sauraro ta kunne ta fi.

Mataki na uku: sauya wanda kake bi a labarin

Nan ne aikin yake. Yaro yana bin yaron da ke cikin fim, domin shi ne tsaransa. Kai kuwa ka nemi tsaranka, wanda galibi yana gefe, wani lokaci ma yana bayan fage, ka bi labarin da idonsa.

A Finding Nemo yaro yana kallon ɗan kifin da wani mai nutso ya kama, ya ƙare a cikin tankin gilashi a ofishin likitan haƙori a birnin Sidni na Ostireliya. Babba kuma ya kalli Marlin, uban. Tun a mintunan farko wani babban kifi ya kashe matarsa ya cinye ƙwayayensu duka, ban da guda ɗaya da ya tsage, wanda daga cikinsa aka haifi Nemo da fiffike ɗaya ƙarami. A wurin ne Marlin ya yi alkawarin cewa ba zai taɓa barin wani abu ya sami ɗansa ba. Duk takurawar da yake yi wa yaron daga baya, da yawan kashedi, da faɗa masa a gaban abokansa cewa ba zai iya ba, daga wannan dare suka samo asali. Yaro yana ganin uba mai takura, babba kuma yana ganin mutumin da bai gama makoki ba, ya mayar da tsoronsa igiya ya ɗaure ɗansa da ita. Don haka ƙololuwar fim ɗin a wurin babba ba ita ce haɗuwarsu ba, ita ce abin da ya biyo baya, lokacin da Nemo ya nemi shiga cikin ragar masunta domin ya ceci abokiyarsu Dory, uban yana riƙe da fiffikensa, sannan ya sake shi. Duk wanda ya taɓa kai ɗa makarantar kwana ya juyo gida ya san nauyin wannan sakin.

A Totoro yara suna jiran fitowar babbar dabbar daji mai gashi da motar da take da siffar kyanwa. Kai ka sa ido a kan Satsuki, babbar 'yar. Mahaifiyarsu tana kwance a asibiti, dalilin da ya sa ma suka koma ƙauye ke nan, yarinyar kuma da ba ta wuce firamare ba ita take haɗa abincin da kowa zai tafi da shi, ita take kula da ƙanwarta Mei, tana fara'a kullum kamar babu abin da yake damunta. Sai ranar da saƙon tangaraho ya zo daga asibiti aka ɗage dawowar uwar, ta tsaya gaban tsohuwar maƙwabciyarsu ta fashe da kuka tana tambayar yadda za su yi idan mahaifiyarsu ta mutu. A lokacin ne mai kallo zai gane cewa duk waccan hidima da fara'a yarinya ce take riƙe gida da ƙarfin hali. Irin waɗannan 'yan fari suna cikin gidaje da yawa, ana yabon hankalinsu, ba a cika tambayar me suke ɗauke da shi ba.

Haka nan a Encanto na 2021, wanda aka kafa a Kolombiya, yana da sauƙi a tsani Alma, kakar da take matsa wa kowa lamba ya zama cikakke. Sai can kusa da ƙarshe fim ɗin ya nuna daren da ta tsere daga garinsu da jarirai uku a hannu, mahara suka kashe mijinta a bakin kogi tana kallo. Wannan bai wanke ta daga cutar da jikokinta ba, amma ya bayyana inda tsananin ya fito, kuma babba ne kaɗai yake iya riƙe waɗannan gaskiya biyu tare.

Mataki na huɗu: karanta inda ba a magana

Masu yin katun sukan ajiye mafi nauyin saƙonsu a inda babu kalma ko ɗaya, kuma babu darasin da ya fi kimanin minti huɗu da ke kusa da farkon Up, inda aka nuna auren Carl da Ellie daga ranar ɗaurinsa har zuwa rasuwarta. Ka kalle shi sau ɗaya yadda yake, sannan ka mayar da shi baya ka bi shi a hankali.

Za ka ga sun gyara tsohon kangon da suka haɗu a cikinsa suna yara, sun ajiye kujeru biyu gefe da gefe, tasa mai kusurwa kamar fuskarsa, tata mai lanƙwasa. Suna kwance a kan tudu suna kallon gajimare, sai gajimaren ya riƙa yi musu kama da jarirai, sai ga su suna fentin ɗakin jariri. Daga nan hoton ya zame a hankali daga ɗakin mai haske zuwa ofishin likita mai duhu, Ellie ta rufe fuska da hannuwa. Ba a faɗi komai ba. Yaro zai ga mace tana kuka, babba kuwa ya san ba za a yi suna a gidan nan ba. Sai suka buɗe asusu a cikin kwalba domin tafiyar da suka daɗe suna buri zuwa wani magangarin ruwa a Kudancin Amurka, amma taya ta fashe aka fasa kwalbar, Carl ya karye aka sake fasa ta, bishiya ta faɗo kan rufi aka kuma fasa ta. Shuɗewar shekaru kuwa da ɗamarar wuyan riga aka nuna ta, Ellie tana ɗaura masa kowace safiya, launi yana canzawa, har kyamara ta ɗago aka ga furfura. Abin da ya fi komai ɗaci shi ne tudun nan. Da ƙuruciya Ellie ce take rigansa hawa tana jiransa, amma ranar da ya sayi tikitin tafiyar ya ɓoye a kwandon abinci domin ya ba ta mamaki, shi ne a sama, ita kuma ta kasa ƙarasawa.

Bayan ka gama wannan, ka riƙa neman irinsa a kowane fim: abin da aka nuna sau biyu da ɗan bambanci, da abin da aka bari babu kowa a kai. A Encanto akwai Bruno, kawun da aka daina ambaton sunansa, wanda ashe yana zaune a cikin bangon gidan. A jikin bangon da ya raba shi da ɗakin cin abinci ya kafa ɗan tebur, ya zana faranti a kai da sunansa, domin ya riƙa cin abinci tare da danginsa ba su sani ba. Daƙiƙoƙi kaɗan aka nuna shi, wanda ya duba waya a lokacin ya rasa shi.

Mataki na biyar: launi da kiɗa

A Pixar akwai al'adar zana jerin ƙananan hotuna na fim gaba ɗaya tun kafin a fara aikin, domin a tsara launin kowane fage gwargwadon halin da ake so mai kallo ya shiga. Ka gwada kashe sauti na minti biyar ka ga ko za ka gane halin da ake ciki daga launi kaɗai. A Up launuka suna dushewa zuwa toka-toka bayan rasuwar Ellie. Sannan ka yi akasin haka, ka rufe ido ka saurara. Kiɗan da Michael Giacchino ya tsara wa Ellie, wanda ya ci kyautar Oscar, karin sauti guda ne yake ta dawowa, da sauri da annashuwa a ranar aure, a hankali da fiyano kaɗai bayan jana'iza.

Mataki na shida: tambayi dalilin mugu

A fim ɗin Kirikou na 1998, wanda Bafaranshe Michel Ocelot ya gina a kan tatsuniyoyin Afirka ta Yamma bayan ya yi ƙuruciyarsa a Gini, duk mutanen ƙauye tsoron matsafiya Karaba suke yi, ƙaramin yaron ne kaɗai yake ta tambayar abin da ya sa take mugunta. Amsar da kakansa ya ba shi ita ce wasu maza ne suka danne ta suka soka mata ƙaya mai dafi a gadon baya, inda hannunta ba ya kaiwa, kuma da wannan raɗaɗi take kwana take tashi. Yaro zai ɗauki ƙayar a matsayin ƙaya, babba kuwa ba ya buƙatar a yi masa bayanin irin zaluncin da ake nufi. Ka riƙa yin tambayar Kirikou a kowane fim, amma kada ka tilasta amsa, domin wani mugun, kamar Scar na The Lion King, hassada da son mulki ne kawai suke tuƙa shi. Fim ɗin Kirikou ya nuna matan ƙauye babu riga, don haka a duba shi kafin a kunna a cikin iyali.

Mataki na bakwai: bari abin ya taɓa ka, sannan ka auna shi

Maza musamman sukan ji nauyin a ce zane ya sa su hawaye, sai su kawar da abin da tari ko wasa. Inside Out kansa a kan wannan ɗabi'a yake magana. Riley 'yar shekara 11 ce da iyayenta suka taso da ita daga Minisota zuwa San Faransisko, mahaifiyarta kuma ta roƙe ta ta ci gaba da murmushi saboda mahaifinta yana cikin matsi. A cikin kanta, inda aka nuna abubuwan da take ji a zuciya a matsayin mutane, Farin Ciki ta zana da'ira da alli ta ce wa Baƙin Ciki kada ta fito daga ciki. Can gaba, lokacin da Bing Bong, abokin da Riley ta ƙirƙira tana ƙarama, ya rasa kekensa ya zauna ya kasa tashi, Farin Ciki ta yi ta ƙoƙarin ba shi dariya a banza. Baƙin Ciki ce ta zauna kusa da shi, ta amsa masa cewa lallai an raba shi da abin da yake ƙauna, ta bar shi ya yi kukansa, sai ga shi ya miƙe da kansa. Kamar zaman makoki ne: wanda ya zo ya zauna a tabarma ya yi shiru tare da kai ya fi wanda ya zo da dogon jawabi sanyaya zuciya.

Sai dai ba duk hawaye ne fim ya cancanta ba. Akwai finafinan da suke kashe wani a labari, su ɗora kiɗa mai taushi, domin kawai su matse mai kallo. Hanyar ganewa ita ce washegari ka tambayi kanka ko an shuka wannan fage tun da farko, da kuma ko wani ya canza saboda shi. A Up, lokacin da Carl ya buɗe littafin da Ellie ta tanada domin hotunan tafiyarsu, yana zaton shafukan fanko ne, sai ya tarar ta cika su da hotunan zamansu na yau da kullum, abin da ya yi nan take shi ne ya fitar da kayan gidan da ya yi ta tattali domin gidan, wanda ya ɗaura wa balan-balan yake shawagi da shi a sama, ya yi sauƙin tashi, ya tafi ceton yaron da ya biyo shi. Kukan ya haifar da aiki, shi ya sa ya halatta.

Mataki na takwas: nemi labarin masu fim ɗin, amma bayan kallo

Idan ka fara da wannan zai tsaya tsakaninka da fim ɗin, idan kuma ka jinkirta shi zai ƙara maka haske. Mahaifiyar Hayao Miyazaki, wanda ya yi Totoro, ta yi shekaru tana jinyar tarin fuka da ya kama mata ƙashin baya lokacin yana yaro. Pete Docter ya fara tunanin Inside Out ne da ya ga 'yarsa mai fara'a ta fara yin shiru tana shiga shekarun balaga, har ya nemi shawarar masana halayyar ɗan Adam irin su Paul Ekman da Dacher Keltner. Hans Zimmer, wanda ya tsara kiɗan The Lion King na 1994, ya rasa mahaifinsa yana ƙarami, kuma wanda ya san haka zai saurari kiɗan mutuwar Mufasa, mahaifin ɗan zaki Simba, da wani kunne daban.

Mataki na tara: sake kallo tare da yara

Yanzu ka san inda nauyin yake, don haka rabin hankalinka ya kasance a kan fuskokinsu. Kada ka tsayar da fim kana wa'azi, kada kuma ka yi musu bayanin abin da aka ajiye domin manya. Ɗan shekara bakwai ba ya buƙatar sanin abin da likita ya faɗa wa Ellie sai idan ya tambaya. Idan ya tambaya, ka ba shi amsa gajeriya kuma ta gaskiya. A The Lion King, a wurin da Simba yake tunkuɗar gawar mahaifinsa yana roƙonsa ya tashi, yara da yawa sukan juyo su tambayi ko barci yake yi, kuma cewa barci ne yana iya sa ƙaramin yaro tsoron kwanciya. Gara a ce masa ya rasu, ba zai tashi ba, a kuma jawo shi jiki. Akwai abu guda da ya cancanci a faɗa a fili a wannan wuri, domin Scar ya ɗora wa Simba laifin mutuwar, yaron kuma ya girma da wannan nauyi: a gaya wa yara cewa ƙarya aka yi masa, ba laifinsa ba ne. Idan a gidan akwai maraya, ko yaron da iyayensa suka rabu, ko wanda mahaifiyarsa take jinya, ka sanar da shi tun kafin a fara cewa akwai wurin baƙin ciki a gaba, ka ba shi zaɓin a tsallake wurin ko a kalle shi tare, kuma kada a sa irin wannan fim dab da lokacin barci, domin tambayoyinsa za su zo ne bayan an kashe talabijin, kuma yana buƙatar ya same ka a farke.